Ɗiya Biyu Anka Rubuta

Giyawa, ƙasar Goronyo
12 ga Safar, 1360

Da sunan Allah mai rahama. Daga Mode mai ginan rijiya zuwa ga taubashina Malam Maccido, magatakarda a Wurno. Gaisuwa da so da yarda. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da alƙalamin nan da ya raba ka da noma har tafin hannunka ya koma na jinjiri.

Mu nan sai godiya. Turai tana gaishe ka. Adama da Habi sun yi tari, ya sake su. In ka ga surukina Baffa Ibrahimu bakin masallaci, ka durƙusa ka gaishe shi a madadina, ka ce mashi ɗiyarshi da jikokinshi suna lafiya.

Rijiyar Giyawa ta kai gaba goma sha ɗaya. Mun wuce marmara, mun faɗa rairayi mai gudu, irin wanda ke binne mutum yana kallo. Baturen rijiyoyi ya zo ya leƙa, ya ga yadda nike saukar da zoben siminti ɗaya bisa ɗaya kamar yadda na koya wajen Faransawa, ya ce ba shi da kamata tun daga nan har Rabah. Na faɗa maka ne don ka san wanda kake kira bawanka ya fi ka suna.

Bayan haka, Inna ta rasu can gida, ƙasar Madawa, tun farkon Muharram. Labarin bai iso ni ba sai shekaranjiya, daga bakin wani mai raƙumi da ya ratso daji, don ka san tun da Ingilishi da Faransa sunka ɓata an rufe iyaka. Ban ga gawa ba, ban zauna karɓar gaisuwa ba. Na sauka rami na yi kukana inda ba mai gani.

Yarinyar nan da ke hannunta tana wajen Tani, maƙwabciyarmu. Na duba takardata ta zama da aiki, wadda ka rubuta da hannunka shekara biyu da sunka wuce. Ta ce ni talakan Faransa ne, an yarda in zauna in yi sana'ata, ni da matata da ɗiya biyu. An ce yanzu ba mai shigowa sai wanda sunanshi ke cikin takarda. In Joji, Baturen mulki, ya zo rangadi Wurno, kuma ka ga fuska, ka tambaya ko ana ƙara layi guda. Ba abin gaggawa ba ne, kada ka takura kanka.

Ɗantani mai jakan albasa zai kawo maka wannan. Allah ya sada mu da alheri.

Wurno
9 ga Afrilu, 1941

Zuwa ga bawana Mode, mazaunin rami. Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Baffa Ibrahimu ma lafiya, ya amsa gaisuwarka.

Na ajiye wasa gefe. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta. Kakanka da kakata ne suka fito ciki ɗaya, amma Inna ba ta taɓa nuna mini wannan nisan ba. Shekarar da aka kai ni ƙasarku ina yaro, a tabarmarta na kwana, daga ƙwaryarta na sha fura. Na sa an yi mata addu'a a masallacin unguwa.

Zancen takarda kuwa, Joji ya zo makon jiya, ya kwana biyu ya wuce. Kansa a ɗaure yake da zancen yaƙi, daga ɗaukar soja sai neman gyaɗa, ko dariyar da yake yi mana da can babu. Da na ga ka ce ba gaggawa, sai na bar maganar har ya dawo bayan damina, lokacin da ransa zai yi sanyi. Tani mutuniyar kirki ce, kuma yarinya ta saba da ita.

Ka san gyaran ba ƙaramin abu ba ne, don dole a faɗi yadda aka yi. Ina tuna ranar sarai. Joji ya tambaya 'ya'ya nawa, Baffa Ibrahimu yana zaune tabarma ɗaya da kai, don shi ya tsaya maka. Ka sunkuyar da kai ka ce biyu. Ni ma na san uku ne, amma wane ɗan mutunci zai ambaci 'yar farinsa, kuma a gaban surukinsa? Na rubuta biyu. Bayan an tashi har Baffa ya ce da ni, “Wanga yaro na da hankali.”

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka kusanci iyaka. Doka ta ce wanda ya fita, takardarsa ta mutu nan take, ba dawowa. Can kuma an ce masu sana'a irinka ake fara kamawa a kai aikin hanya. Ka zauna ka gama rijiyarka, mutanen Giyawa su daina shan laka.

Naka, wanda ya fi ka tsabtar riga,
Maccido

Giyawa
20 ga Jimada Awwal, 1360

Zuwa ga Maccido. Gaisuwa. Muna lafiya ta jiki.

Wata biyu ke nan takardarka na cikin aljihuna ban amsa ba, don in na amsa a lokacin da na zage ka, kuma ba zagin taubashi ba.

Maccido, boko ya toshe maka kunne. Mi kake so in rubuta? In ce ka yi gudu ka faɗi gaban Bature saboda ɗiyar fari? Kai da naka ɗan farin har ya fara gemu ba ka taɓa kiran sunanshi ba, sai “wancan” da “kai yaro”. Na ce ba gaggawa don haka ake cewa. Da akuyata ce ta ɓace, da na rubuta maka gaggawa sau uku ba kunya. Da ka ga na jera zancen rijiya da tarin yara, sannan na laɓe da wannan can ƙarshe, ai ka san shi ne takardar duka. Inna da ba ta san harafi ko ɗaya ba da ta gane.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mai raƙumin nan ya sake ratsowa da saƙon Tani. An kama mijinta an kai aikin hanya. An kwashe rabin geron garin an kai bariki. Yarinyar ta yi baƙon dauro, ta tashi, amma ta rame. Tani ta ce za ta riƙe ta har kaka, daga nan za ta koma wajen 'yan'uwanta can arewa, kuma ba za su karɓe ta da bakin da ba nasu ba. Ban ga laifinta ba.

Turai ba ta ce uffan ba. Ka san uwa ta fi uba kunya a wanga abu. Amma tun ranar da labarin ya zo, in ta kwashe tuwo sai ta yi malmala guda ta ƙari, ta rufe da faifai ta ajiye gefe. Da safe ta ɗumama ta raba ma Adama da Habi. Ina yi kamar ban gani ba, ita ma tana yi kamar ba ta san na gani ba.

Tun ranar yaye Inna ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi. Shekararta tara, sau huɗu na je gida, kuma kowane zuwa ban dube ta ido da ido ba, sai ta gefe, in tana wasa. Ina jin tsoro, Maccido. A takarda na iya faɗa maka, da baki ba zan iya ba. Ina tsoron ta mutu hannun mutane, ni ina nan ana yaba mani zoben siminti.

Ruwa ya sauka, mun rufe bakin rijiya da itace sai bayan damina. Ka nemo mani hanya. Wannan karon na rubuta shi yadda ɗan boko zai gane: gaggawa ce.

Mode

Wurno
2 ga Agusta, 1941

Zuwa ga ɗan'uwana Mode. Gaisuwa, da fatan wannan ta same ku lafiya. Ni kurkunu ya kama mini ƙafar dama, da sanda nake zuwa ofis.

Takardarka ta yi fiye da wata a jakar Ɗantani a Goronyo, gulbi ya cika jakai ba su ƙetarewa. Da ta iso na karanta sau biyu, na rasa inda zan sa kaina. Ka yi gaskiya. Shekara goma ina karanta takardun Turawa, inda abin da aka rubuta shi ne abin da ake nufi, har na karanta taka da wannan idon. Kuma hannuna ne ya rubuta biyu ina sane. Ka yafe mini.

Na je wurin babban akawu na kwance masa komai. Ya gane, don shi ma yana da ɗan fari. Ga abin da ya ce. Joji zai sauka Rabah ranar goma ga Satumba, wato sha takwas ga Sha'aban. Ana iya ƙara suna, amma ba da saƙo ba, ba ta bakin magatakarda ba. Sai uba ya zo da kansa, da wanda ya tsaya masa, ya faɗi sunan yarinya da bakinsa, ya faɗi abin da ya sa bai ambace ta ba tun farko.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai haɗari. In Joji ya ɗauka ƙarya ka yi masa, yana iya kashe takardar gaba ɗaya, a raka ka iyaka. In ya yarda, za a ba ka izinin zuwa bakin iyaka ka karɓe ta, ba tare da ka taka ƙasarsu ba.

Na je gidan Baffa Ibrahimu. Na daɗe ina kewaye-kewaye, har ya ce, “Maccido, hwaɗi abin da ka zo hwaɗi.” Da na faɗa, ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce zai hau jaki ya je Rabah ko ana ruwan ƙanƙara.

Saura kai. Ka amsa mini da wuri.

Maccido

Wurno
28 ga Agusta, 1941

Mode, gaisuwa. Ƙafa ta ƙi, yanzu a kwance nake.

Shiru har yau. Ɗantani ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka karanta ka ninke. Wani da ya zo daga kasuwar Goronyo kuma ya ce an gan ka kana tambayar hanyar daji. In fushi kake da ni, ka ci gaba, na cancanta. In kunyar Baffa ce ta fi ƙarfinka har ka gwammace ka ratsa daji, ka tuna da Turai da yara biyu da za ka bari ba takarda, ba miji. Ka je Rabah. Ni ba zan iya zuwa ba, amma Baffa ya riga ya sa an gyara masa akumari.

Maccido

Rabah
19 ga Sha'aban, 1360

Zuwa ga taubashina, gurgun Wurno. Allah ya fitar da kurkunu lafiya. Ni lafiya, Baffa ma ya iso lafiya, shi zai kawo maka wannan.

Ba fushi nike ba, kuma hanyar dajin da na tambaya ta aika saƙo ce wajen Tani. Shirun da ka ji, koyo nike. Kullum in na je gona sai in tsaya tsakiyar gero in gwada faɗin sunan, in kasa. Mutum mai shekara arba'in yana koyon magana gaban karan gero, mi zan rubuta maka a kai?

Jiya da hantsi munka gurfana gaban Joji ƙarƙashin wata ɗorawa, mutane cike, har da masu ƙarar gona. Tafinta ya karanta takardar, ya ce ɗiya biyu anka rubuta, ta uku daga ina? Na ce tana nan tun kafin biyun. Joji ya ce don mi na ɓoye ta? Na ce, “Ranka shi daɗe, ban ɓoye ta ba. Ɗiyar hwari ta, ba a ambatonta.” Tafinta ya juya mashi, ya daɗe yana juyawa. Joji ya ɗaure fuska, ya ce shi abin da ya sani ana shigo da yaran mutane daga ƙasar Faransa a sayar, kowa kuma cewa yake ɗiyarshi ce.

Nan Baffa ya ɗaga murya, ban taɓa jin ya ɗaga ta ba. Ya ce, “Jikata ta. Cikin ɗakina anka haihe uwatta, gabana anka yanka ragon sunanta. In ƙarya ta, a ɗaure ni.” Joji ya ce to, uban ya faɗi sunan.

Baffa ya yunƙura zai koma bayan itace don ya ba ni wuri. Tafinta ya ce a'a, wanda ya tsaya ma mutum sai ya ji da kunnenshi. Sai tsohon ya zauna, ya juya mani baya, ya ja rawani ya rufe fuska. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Wani cikin masu ƙara ya yi dariya. Na tuna malmalar Turai ƙarƙashin faifai, na rufe ido na faɗa. Tafinta ya ce bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har da “ɗiyata ta”. Zufa ta jiƙa mani riga kamar na fito rami.

An ƙara layin, an buga hatimi. Kada ka sa in rubuta sunan nan, yana cikin takarda, in mun gamu ka karanta. Baffa bai dube ni ba har yanzu, amma da munka tashi ya miƙo mani goro ta baya.

Na aika ma Tani ta kawo ta dutsen iyaka kwana bakwai bayan ƙaramar Salla. Ɗantani zai raka ni da jaki guda, don an ce ba ta iya doguwar tafiya. Ka fara tanadin tsarabar ɗiyar taubashinka, marowaci.

Mode

Ƙasar Madawa
12 ga Shawwal, 1360

Da sunan Allah. Zuwa ga ɗan'uwana Maccido. Gaisuwa. Ina lafiya. Ka ga inda na rubuto, ka riga ka san rabin zancen. Ɗantani yana jira bakin iyaka wajen wani Bafillace, shi zai ƙetaro mashi da wannan.

Mun isa dutsen iyaka da hantsi. Sajan na 'yan doka ya karɓi takarda ya karanta. Can sai ga Tani tafe, riƙe da hannun yarinya. Na gane ta tun daga nesa, tafiyar Turai ce sak. Sajan ya ce in tsaya nan, kada in yi magana, don umarnin da anka ba shi shi ne a tambayi yaro da bakinshi. Ya durƙusa gabanta.

“Ke, mi sunanki?”

“Safara'u.”

“Kin san wanga mutum?”

Ta dube ni. “Na san shi. Yaya Mode na.”

“Ba babanki na ba?”

“A'a, wana na. Inna ta haihe mu, ni da shi.”

Maccido, gaskiyarta ta faɗa. Haka Inna ta faɗa mata tun tana rarrafe, haka munka bar ta, har muna jin daɗi in ta ce mani Yaya, don ya rage mana nauyi. Shekara tara ba wanda ya ce mata ga ubanki. Ni na koyi faɗin sunanta cikin gero, ban tuna ita ba wanda ya koya mata nawa matsayin ba.

Tani ta yi rantsuwa, Ɗantani ya yi, ni na yi. Sajan ya ce, “Takarda ta ce ɗiya, yarinya ta ce ƙanwa. Watan jiya an wuce da yara ukku ta nan, dut da rantsuwa. Koma wajen Joji.” Na ce Joji sai bayan wata huɗu. Ya ce ya sani. Ba mugu ba ne, idonshi ma ya kawo ruwa, amma bai motsa ba.

Tani ta ce ita kayanta na ɗaure, ayarinsu na tashi gobe. Ta ce, “Mode, na kawo amana inda anka ce in kawo.” Ta saki hannun yarinyar, ta ja da baya tana kuka. Yarinyar ta tsaya ita kaɗai can gefen dutsen, da ɗan ƙullin tsummanta a ka, tana duban Tani, tana duban jakin Ɗantani. Sai ta juya za ta bi Tani.

Ban san lokacin da na kira ba. Na ce, “Safara'u!” Ta tsaya cak, ta waiwayo. Ta ce, “Yaya, ashe ka san sunana?”

Na karɓi takardar daga hannun sajan na ba Ɗantani, na taka. Sajan ya ce, “Ka san in ka wuce dutsen ga ba dawowa?” Na ce na sani.

Ga takardar nan tare da wannan. Ta mutu, amma ka ajiye ta, ɗiya uku ke ciki. Ka je Giyawa in ƙafa ta bari, ka ɗauko Turai da Adama da Habi ka kai su gidan Baffa har Allah ya buɗe iyaka. Ka ce ma Turai na ga ɗiyarta, ta yi tsawo, tana da wushiryarta. Ka faɗa mata haka, ko ta rufe fuska ka ƙarasa.

Ka faɗa ma Baturen rijiyoyi gaba biyu sunka rage a kai ruwa. Kada kowa ya sauka sai an zura zobe, rairayin nan ba ya jira. Ka ba mutanen Giyawa haƙuri.

Muna ɗakin Inna, rufin ya zube gefe ɗaya, ina gyarawa. Mai gari ya san na dawo, ya ce zai yi shiru iyakar iyawarshi, amma in masu kamun aikin hanya sunka tambayi mai ginan siminti ba zai rantse da ƙarya ba. Ban san kwana nawa gare ni ba. In an tafi da ni, aƙalla ta ji daga bakina, don jiya na zaunar da ita na faɗa mata ko ni wane ne gare ta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko akwai sauran ƙuli-ƙulin da na zo da shi.

Har yanzu Yaya take ce mani. Ni kuwa sunanta nike kira, safe da rana, ko ba abin da zan aike ta. Tsofaffin garin sun fara cewa zaman ƙasar Ingilishi ya cire ma Mode kunya. Su faɗa. Ga ta nan zaune tana riƙe mani tawada.

Safara'u tana gaishe ka.

Mode